Lawwali Mai Faci da Hotunan Magama

Idan ka taso daga cikin garin Jibiya ka nufi boda, kafin ka kai shingen Magama za ka ga wata rumfar kwano a gefen titi, an jibge tsofaffin tayoyi a gabanta, injin iska yana ta gurnani tun safe. Mai rumfar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lawwali Mai Faci ake ce masa, har direbobin Maraɗi da wannan sunan suka san shi. Ni ce Muhsina, autar gidanmu, ina koyarwa a wata firamare a Farfaru.

Yaya bai yi nisa a boko ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinmu ya rasu, sai ya ajiye karatu ya kama koyon faci, kuma shi ya tsaya mini har na zama malama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda guduma da ƙarfen cire taya. Ba shi da yawan magana. Kana iya zama a bencinsa daga hantsi zuwa azahar ba ka ji komai daga bakinsa ba sai amsa sallama.

A shekarar 2017 na sayi sabuwar waya, na ba shi tsohuwar. Da farko ma ƙi ya yi, ya ce ƙaramar tasa mai madannai ta ishe shi kira. Na nuna masa inda ake dannawa a ɗauki hoto, don dai ya riƙa ɗaukar 'ya'yansa ranar Sallah. Bayan mako biyu na biya ta rumfar, ya miƙo mini wayar ya ce ta ƙi ɗauka. Da na duba sai na ga ta cika maƙil. Tireloli ne, da buhunan gero, da raƙuma, da 'yan acaɓa ɗauke da jarkoki, da wani bunsuru da ya hau kan tulin tayoyi. Dukkansu dishi-dishi, kamar an ɗauke su ta cikin hayaƙi.

"Yaya, duk wannan na mene ne?"

"Ina ganinsu kullum suna wucewa," in ji shi. "Sai na ga ashe ana iya tsayar da su."

Akwai wani dattijo a bakin tasha, Malam Dalhatu, mai sayar da tabarau da agogo a kan tebur. A da shi ne mai hoton da ake ji da shi a Jibiya. Yana da shago a kasuwa, da labule mai zanen gidan sama, duk wanda ya yi aure a zamanin ya tsaya gaban labulen nan. Da wayoyi suka yawaita sai sana'ar ta mutu a hannunsa, ya rufe shagon. Mutum ne mai kaifin baki, ba ya yabon abu don a ji daɗi. Wurinsa Yaya ya kai wayar wata ranar da aiki ya yi sauƙi.

Malam Dalhatu ya ɗora tabarau, ya duba hoto uku kacal, ya juya wayar ya kalli bayanta.

"Kawo hannunka in gani."

Yaya ya miƙa hannu.

"To ga ciwon nan. Da baƙin mai kake shafe idon kyamarar, sannan ka ce tana dishi-dishi. Goge ta da gefen rigarka. A'a, ba wagga riga ba, ita ma mai ne. Nemi tsumma mai tsabta ka aje shi daban."

Ya ci gaba da dubawa, yana girgiza kai. Ya tsaya a kan wani hoto da aka ɗauko rabin tirela, da rabin mai shayi, da ƙafar jaki.

"Nan mi ka so ka ɗauka?"

"Duka, Malam."

"Shi ya sa ba ka ɗauki komi ba. Tahi ka zaɓi abu guda."

Daga ranar Yaya ya rataye wani farin ƙyalle a ƙusa cikin rumfar, ba mai taɓa shi. Kafin ya ɗauki waya sai ya wanke hannu da omo. Duk yammacin Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, yakan zauna gefen teburin tabarau ya nuna abin da ya ɗauka a makon, Malam Dalhatu yana kushewa. Wani lokaci ya ce an sare wa mutum ƙafafu. Wani lokaci ya ce, "Dubi turken lantarki ya tsiro ma wanga bawan Allah a tsakar kai. Ba ka duba bayanshi ba kahin ka danna?" Ya hana shi zuƙo abu da yatsa daga nesa, ya ce wayar ba ta da ƙarfin haka, in yana son abu ya matso to ya taka da ƙafarsa. Mafi yawan abin da yake ji a ƙarshe shi ne, "Da saura."

Maganar haske kuwa da kansa ya gano ta. Ya lura duk hoton da ya ɗauka da tsakar rana, idanun mutane sukan faɗa cikin rami baƙi, fuska ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai. Sai ya ɗauki wata tsohuwar taya ya jingina ta da bango, ya riƙa ɗaukarta daga fitowar rana har faɗuwarta, kwana uku a jere. Matarsa Luba ta kira ni ta ce in zo in ga yayana, ko dai wani abu ya taɓa shi, ga mutum da 'ya'ya biyar yana ta ɗaukar hoton taya. Amma da ya jera mini hotunan na gani da idona. Ta safe zanen tayar ya fito ɗaya bayan ɗaya, har za ka ce ka taɓa. Ta azahar baƙin dunƙule ce kawai. Ta la'asar sakaliya kuwa har wani ja-ja take yi. Tun daga nan, in ba dole ba, ba ya ɗaukar hoto sai da sassafe ko bayan la'asar. Ya kuma koyi durƙusawa, abin da bai yi masa wuya ba tunda aikinsa ke nan. Ya ce in ka ɗauki babbar mota daga ƙasa, nan take nuna girmanta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Akwai abin da har yau in an tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

Wani dattijon ɗan dako ne, Hamidu, mutumin wajen Madarunfa, ya fi shekara talatin yana sauke buhuna a tashar. Wata rana da zafin azahar gajiya ta kwashe shi, ya kwanta ƙarƙashin wata tirela barci ya ɗauke shi, baki buɗe, rigarsa a yage ta kafaɗa. Yaya ya ga yadda inuwar motar ta raba jikin mutumin biyu, abin ya burge shi, ya ɗauka. Bai tsaya nan ba, ya tura hoton a zauren Wasaf na 'yan tasha. Kafin magariba wani ya rubuta maganar banza a ƙasan hoton ya watsa. Aka yi ta dariya. Hoton ya yi yawo har ya isa wayar surukin Hamidu, mijin 'yarsa.

Washegari da safe Hamidu ya zo rumfar. Bai ɗaga murya ba.

"Lawwali, mi na yi maka?"

Hamidu bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ina cin guminai, ban roƙi kowa ba. Yanzu surukina ya gan ni kwance cikin ƙasa kamar wanda ba shi da gida. Da wane ido zan dube shi?"

Ya juya ya tafi. Yaya ya goge hoton, ya bi waɗanda ya sani ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su goge, amma abin ya riga ya fita. Ya jefa wayar cikin akwatin kayan aiki, kusan wata biyu bai ɗauki ko da tsuntsu ba. Daga baya ya nemi limamin masallacin tasha ya raka shi har ɗakin Hamidu, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Dattijon ya ce ya yafe.

"Amma in kana son ɗaukata, ka ɗauke ni ina aiki. Kuma ka tambaye ni."

Bayan kwana biyu, da sassafe, Hamidu ya tsaya a kan katakon da ake hawa mota da shi, buhun masara a kafaɗa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, rana ta bugo ta gefe tana haska ƙurar buhun. Ya kalli Yaya ya ce, "To, danna." Yaya ya kai hoton Katsina aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi. Hamidu da kansa ya aika wa 'yarsa, ya ce a rataye a inda mijinta zai riƙa gani. Tun daga lokacin Yaya bai sake ɗaukar fuskar mutum ba sai ya nemi izini, kuma in ya ɗauka sai ya juya wayar ya nuna wa mai ita. In ya ce a goge, a gabansa ake gogewa.

Sai damina ta 2023 ta zo, aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe boda. Wanda bai ga Magama a lokacin ba ba zai gane ba. Motoci suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu. Kayan gwari suka ruɓe a cikin wasu, wari ya cika wurin. Direbobin da suka samu hali suka bar motocin suka tafi gida, amma da yawa ba su iya barin kayan mutane a bakin titi ba. Suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu, nan girki, nan wanki, nan kwana. Aikin faci ya tsaya cak, don tayar da ba ta tafiya ba ta fashewa. Yaya yakan buɗe rumfar ne kawai don ya saba.

Cikin waɗanda suka maƙale akwai Sadisu, wani dogon direba mai fara'a daga wani ƙauye can gaban Dakwaro, ya ɗauko kaya daga Kano zai kai Maraɗi. Wata rana ya zo ya zauna a bencin Yaya, fuskarsa ba walwala. Ya ce tsohuwarsa ta ji ana cewa direbobi na mutuwa da yunwa a boda, ta daina cin abinci. Ya yi mata magana ta wayar maƙwabci, ta ce murya ba ta ishe ta ba, sai ta gan shi. Ya ɗauki hoton kansa da wayarsa, da ya duba sai ya fasa turawa.

"Dubi, Lawwali. In ta ga wanga ai sai ta ce gaskiya ne."

Hoton kuwa ba kyau. Ya ɗauka daga ƙasan haɓa da tsakar rana, ga gemu ya yi buzu-buzu, ga rigar da ta sha baƙin mai.

Yaya ya ce, "Je ka wurin wanzami. Ka dawo bayan la'asar."

Ya hau babur ya koma gida, ya ce wa Luba ta fiddo masa shaddarsa shuɗiya, wadda ya ɗinka da Babbar Sallah, sau biyu kacal ya sa ta. Ta goge ta da dutsen guga na gawayi, ya naɗo ta cikin leda tare da hula. Rigar ta yi wa Sadisu gajarta a hannu, sai Yaya ya ce ya harɗe hannuwan a ƙirji. Ya tsayar da shi gefen ƙofar motarsa, inda rana ke zuwa ta kafaɗar dama, ya sa aka janye tukunya da bokitin da ke bayansa. Sadisu ya ƙame kamar soja. Yaya bai danna ba. Ya tambaye shi sunan tsohuwar, da irin tuwon da take yi masa in ya je gida. Yana cikin ba da labarin miyar kukarta yana dariya aka ɗauka, aka tura wa tsohuwar ta wayar maƙwabcin.

Kafin mako ya zagayo labari ya bi layin motocin. Kullum bayan la'asar sai ka ga mutum uku ko huɗu zaune a benci suna jiran rigar. Luba ta wanke ta da safe, ta shanya, ta goge, Yaya ya kawo. Mai ƙiba ya tsaya a karkace don kada a ga ta ɗame shi, gajere a ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama. Wasu suka so su ba shi wani abu, ya ce shi mai faci ne, hoto ba sana'arsa ba ce. Mutum fiye da arba'in suka sa shaddar nan, har wuyanta ya fara koɗewa. Asirin ya tonu ne da aka samu direbobi biyu 'yan unguwa ɗaya a Tasawa. Matar ɗaya ta turo saƙon murya tana dariya, tana tambaya ko anko direbobi suka yi a Jibiya, kuma bikin wa ake yi ba a gayyace su ba. Ranar an yi dariya a Magama irin wadda aka daɗe ba a yi ba.

Amsar tsohuwar Sadisu ta ɗan jima kafin ta iso, don sai maƙwabcin ya je kasuwa yake samun sabis. Yana zaune kan matakalar motarsa da tsohuwar rigarsa saƙon ya shigo. Ya manna wayar a kunne, ya rufe ɗaya kunnen da hannu. Tana sa masa albarka, tana cewa ta ga har ƙiba ya yi, ta kuma ci tuwo. Sadisu yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Yaya yana tsaye kusa, ya ɗaga waya ya ɗauka sau ɗaya. Da mutumin ya natsu ya nuna masa, ya ce in bai so ba a goge yanzu.

Sadisu ya daɗe yana kallo. "Bar shi," in ji shi. "Haka nike."

Ranar Juma'a Malam Dalhatu ya riƙe wayar ya fi minti biyar a kan hoton nan. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Shekara ashirin da bakwai ina tsai da mutane gaban labule," ya ce, "ban taɓa samun irin wanga ba. Lawwali, wanga hoto ne."

Yaya ya zo har gidana a Farfaru a kan babur don ya faɗa mini wannan maganar. Bai ko zauna ya sha ruwa ba, ya faɗa ya juya.

Watanni ya yi yana shirin ranar da za a buɗe boda. Ya zaɓi inda zai tsaya, kan wani tudu nesa da shingen jami'ai, inda zai samu motar farko da layin da ke bayanta. Aka buɗe cikin azumi. Sai dai motar da ta yi wata bakwai a tsaye ba ta tashi haka nan. Tayoyi duk sun sace, wasu sun tsattsage. Tun da asuba direbobi suka yi masa caa, kowa na kiran Lawwali. Ya ja injin iska a kan baro daga wannan mota zuwa waccan, da bakin azumi, har aka kira magariba. Motar farko ta wuce yana kwance ƙarƙashin ta goma. Ko hoto ɗaya bai ɗauka ba.

Na ce masa, "Yaya, ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Amma da na tsaya ɗauka, da wace tayar za su wuce?"

Bayan ƙaramar Sallah shugabannin direbobin tashar suka aiko a kira shi. Suka ce suna son a wanke hotunan zaman nan da aka yi, a manna a bangon ofishinsu, don wanda bai gani ba ya gani. Yaya ya ce sai an tambayi masu fuskokin. Aka bi su ta waya, mutum uku suka ce ba su so, aka cire nasu. Shi da Malam Dalhatu suka kwana biyu suna gardama a kan waɗanda za a zaɓa, suka tsaya a kan talatin da biyu. Ni na rubuta sunan kowa da garinsu a ƙasan hotonsa, da babban rubutu irin na allo. A can ƙarshen bango na ƙara layi ɗaya: Lawwali Mai Faci ne ya ɗauka. Ya ce in goge, na ƙi.

Ranar da aka buɗe ofishin don a ga hotunan, mahaifiyarmu, Inna, ta ce sai an kai ta. Ta haura saba'in, ba ta cika fita ba saboda ciwon gwiwa. Muka ɗauko ta a Keke Napep ni da Luba. Direbobi suka dare suka ba ta hanya, suna gaishe ta. Ta bi bangon da sandarta a hankali, tana kai fuskarta dab da kowane hoto. Ta gane shaddar tun a hoto na biyu, ta waiwayo ta harari Yaya, aka fashe da dariya. A gaban wani ta tsaya ta ce wannan hancin na gidan su wane ne a Ɗan Isa, aka duba sunan, ashe kuwa jikan gidan ne.

Da ta kai ƙarshe ta sa na karanta mata layin da na rubuta. Na karanta. Ta ce in sake, na sake, da ƙarfi yadda duk ofishin zai ji.

Sai ta gyara lulluɓinta ta ce, "To kai Lawwali, duk ka ɗauki 'ya'yan mutane. Ni fa?"

"Inna, ai cewa kike ba ki so."

"Yanzu ina so. Ina zan tsaya?"

Ya leƙa waje ya dubi rana, ya ɗauko kujera ya ajiye ta kusa da taga, ya zaunar da ita. Ya je ya wanke hannunsa, ya dawo ya durƙusa a gabanta. Ta ɗora hannuwa biyu a kan sandar, ta ɗaga kai.

"Yi sauri," in ji ta, "kahin gwiwar nan ta tashi."